Yadda Ake Koyar da Rushewar Gwamnatocin Kwaminisanci a Darasi Huɗu

Malaman Tarihi da na darasin Gwamnati a manyan sakandaren Kaduna, da masu ɗaukar 'yan shekarar farko a Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) ko Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, sun san yadda ake yi da wannan babi. Sai zango ya zo ƙarshe ake isa gare shi, lokaci ya ƙure, malami ya rubuta a allo cewa Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 saboda kishin ƙasa da matsin tattalin arziki. Ɗalibai su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar da kaya yadda aka ba su. Amma a tambayi ɗayansu me ya sa Polan ta fita daga kwaminisanci a dunƙule, Yugoslabiya kuwa ta fita gunduwa-gunduwa cikin jini, sai ido ya raina fata.

Tsarin da muka kawo na darasi huɗu ne, kowanne minti 40, ga aji mai ɗalibai 40 zuwa 70. Abu guda ake so ɗalibi ya tafi da shi: kishin ƙasa ya daɗe a waɗannan ƙasashe, amma bai kayar da kowa ba sai da aljihun gwamnati ya bushe kuma tsoron tankokin Mosko ya kau. Da ya samu hanya kuwa, aiki iri uku ya yi a wurare iri uku.

Kayan da za a tanada

Igiya biyu. Ta farko mita 5, a sa mata alama da maka a kowane santimita 10, kowace alama shekara ɗaya, daga 1945 zuwa ƙarshen 1991. Za ta cinye mita 4.7. Ta biyu mita 4, ita ma alama a kowane santimita 10, amma a nan kowace alama wata ɗaya ce, daga Janairun 1989 zuwa Disambar 1991, wato wata 36. Wanda ya yi ƙoron igiya ya tsaya a ɗaya zai tarar da rabin darasinsa ya cunkushe a santimita 30 na ƙarshe, babu mai iya karanta komai daga benci na uku.

Kwali huɗu, a yanka su kati-kati kamar 40, kowanne girman tafin hannu biyu, a lanƙwasa samansa don ya rataye a igiya da kansa. Launi uku ake so: ja na amfani da ƙarfin soja, rawaya na sha'anin kuɗi, kore na yunƙurin kishin ƙasa. Sauran abubuwa su tafi a kan fari. Idan ba a samu kwali mai launi ba, a zagaye bakin katin da maka. Launin nan shi ke ɗauke da rabin bayanin, kada a yi wasa da shi.

Sai taswira. Yawancin waɗanda ke rataye a makarantu an buga su bayan 1991, babu Tarayyar Sobiyet a kansu. A buga taswirar Turai da Asiya ta yanzu guda biyu a takardar A3. A bar ɗaya yadda take. A ɗayar, a zagaye ƙasashe 15 na tsohuwar tarayyar da jan layi mai kauri, a kuma zagaye Yugoslabiya da Cekoslobakiya, a tsaga Jamus biyu.

Darasi na farko: shekara 40 a gurguje

Kada a nutse a nan. A rataye fararen katuna da sauri: 1945, yaƙin duniya ya ƙare, sojojin Sobiyet na zaune a gabashin Turai, 1949, an kafa NATO, ƙawancen sojan ƙasashen yamma, Jamus ta zama biyu, 1955, Ƙawancen Waso, wato ƙawancen sojan Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai, 1961, katangar Balin, 1962, rikicin makamai masu linzami a Kuba. Minti 12 sun isa.

Inda za a tsaya shi ne katunan da ke zuwa biyu-biyu, kore sannan ja. Hangari ta yi bore a Oktoban 1956, tankokin Sobiyet suka shiga Budafes a Nuwamba, mutum kusan 200,000 suka yi hijira. Cekoslobakiya ta gwada sassauci a 1968, sojojin Ƙawancen Waso suka mamaye ta a Agusta. A 1980 ma'aikatan tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdansk a Polan suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ƙarƙashin Lech Walesa, ta tara mambobi wajen miliyan 10, a Disambar 1981 Janar Jaruzelski, mai mulkin ƙasar, ya kafa dokar soja. A nan sojan Polan ne da kansa ya yi aikin, amma kowa ya san inuwar wa ke bayansa. A bar ɗalibai su kalli igiyar su faɗi abin da suka gani da bakinsu: duk inda kore ya ɗaga kai, ja na biye da shi.

Minti goma na ƙarshe a kawo Yaƙin Cacar Baka gida. Jiragen MiG da gwamnatin tarayya ta yi yaƙin basasa da su daga Sobiyet suka zo. Gwamnatin Murtala ta amince da gwamnatin MPLA, ƙungiyar da Sobiyet ke mara wa baya, a Angola a 1975 duk da rashin jin daɗin Amurka. Da injiniyoyin Sobiyet aka fara ginin Ajaokuta. Sannan a jefa musu tambaya su tafi da ita: me ya sa Landan da Mosko da Washington da Bejin duk suka kashe kuɗi suna watsa shirye-shirye da Hausa a rediyo?

Darasi na biyu: kuɗi da tsoro

Yau ranar rawaya ce. Tun shekarun 1970 Tarayyar Sobiyet ke sayen hatsi daga waje, har daga Amurka, da kuɗin man fetur da iskar gas. A 1986 farashin gangar mai ya faɗo daga kusan dala 30 zuwa wajen dala 10. Wannan shi ne kati mafi sauƙin bayani a Najeriya, domin faɗuwar nan ɗaya ce ta tura mu cikin SAP a zamanin Babangida, a shekarar kuma. Iyayen ɗalibai sun ɗanɗana ta. A ƙara da bashin ƙasashen gabashin Turai ga bankunan yamma, inda na Polan kaɗai ya kai kusan dala biliyan 40, da yaƙin Afganistan da aka shiga a Disambar 1979 aka fita a Fabrairun 1989, bayan an rasa soja kusan 15,000.

Sai Gorbachev, wanda ya hau mulkin Tarayyar Sobiyet a Maris 1985. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a ce ya zo ne don ya rusa tarayyar. Gyara ta ya zo yi, da manufa biyu: perestroika, sake fasalin tattalin arziki, da glasnost, barin mutane su faɗi gaskiya a fili. Ta farkon ta rikita tsohon tsari ba ta kafa sabo ba, layin sayen kaya ya ƙara tsawo. Ta biyun, wadda fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a Afrilun 1986 ta ƙara wa gudu, ta buɗe bakin da aka rufe shekara da shekaru, kuma abin da ya fara fitowa shi ne tsofaffin ƙorafe-ƙorafen al'ummomi: wa aka mamaye, wa aka kwashe daga ƙasarsa a zamanin Stalin, harshen wa aka danne.

Kati mafi nauyi a igiyar gaba ɗaya na Disambar 1988 ne. A jawabinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya, Gorbachev ya sanar da rage soja 500,000, ya kuma nuna cewa kowace ƙasa tana da 'yancin zaɓen hanyarta. Ma'anarsa ga masu mulki a Waso da Budafes da Balin ta Gabas ita ce tankoki ba za su sake zuwa ba. A rubuta shi a jan kati, a ja masa layi a tsakiya, alamar an soke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗalibin da ya riƙe wannan jeri, kuɗi, tsoro, sannan kishin ƙasa, ba zai ruɗe a darasi na gaba ba.

Darasi na uku: wurare iri uku

Idan za a samu darasi mai zubi biyu, wato minti 80, a nan za a yi amfani da shi. Kafin a fara, a gyara fahimta guda: ɗalibinmu ya saba da kishin ƙasa a matsayin son Najeriya da ɗaga tutarta. A wannan babi ana nufin al'umma mai harshe da tarihi ɗaya da ke ganin ta cancanci mulkin kanta, kuma sau da yawa ƙasar da take ciki ce abokiyar hamayyarta.

A raba aji gida uku da ƙuri'a, kowane rukuni da katunansa da kuma igiya ta biyu.

Rukuni na farko, ƙasashen da ke da tutarsu amma linzaminsu na hannun Mosko. A nan kishin ƙasa ya haɗa kan jama'a a kan jam'iyyar da ake wa kallon 'yar aiken baƙo. A Polan coci ne ya riƙe wannan wuta; Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya zo nan Kaduna a Fabrairun 1982, ɗan ƙasar ne, kuma ziyararsa gida a 1979 ta tara miliyoyi. A zaɓen da aka fara 4 ga Yunin 1989 Solidarity ta ci kujeru 99 cikin 100 na majalisar dattawa, da duk kujeru 161 da aka ba ta damar nema a majalisar wakilai. Hangari ta buɗe iyakarta da Ostiriya ga 'yan Jamus ta Gabas a Satumba. A Cekoslobakiya zanga-zanga ta fara 17 ga Nuwamba, kafin shekara ta ƙare Vaclav Havel ya zama shugaban ƙasa. Romaniya ce ba a wanye lafiya ba: sama da mutum 1,000 suka mutu, aka harbe shugaban ƙasar, Ceausescu, da matarsa 25 ga Disamba. A ja hankalin rukunin ga abu guda da littattafai kan tsallake: masu mulkin ma sun hau dokin kishin ƙasa da suka ga aƙida ta daina ci. Zhivkov na Bulgariya ya tilasta wa Turkawa Musulmin ƙasar sauya sunayensu a tsakiyar shekarun 1980, kuma a 1989 sama da 300,000 suka tsallaka Turkiyya. Hakan bai hana jam'iyyarsa ture shi ba 10 ga Nuwamba.

Rukuni na biyu, al'umma ɗaya a ƙasa biyu. Jamus ta Gabas ba ta da harshe ko tarihin da ya bambanta ta da ta Yamma. Kwaminisanci ne kaɗai dalilin wanzuwarta. Mutum kusan 70,000 suka fito a Leipzig 9 ga Oktoban 1989, ba a yi harbi ba. Katanga ta buɗe 9 ga Nuwamba, bayan wani jami'i ya yi tuntuɓen harshe a taron manema labarai ya ce sabuwar dokar tafiye-tafiye ta fara aiki nan take. Taken masu zanga-zanga ya juya daga "mu ne jama'a" zuwa "mu jama'a ɗaya ne", aka haɗe 3 ga Oktoban 1990. A nan kishin ƙasa haɗawa ya yi.

Rukuni na uku shi ne mai nauyi, a ba shi ɗalibai masu ƙwazo da lokaci mai yawa: tarayyoyi uku da suka wargaje. Babbar tambayarsu ita ce daga ina ƙasashen suka tsage, kuma amsar tana kan taswira: daga iyakokin jamhuriyoyin da kwaminis ɗin suka shata da hannunsu. Kowace jamhuriyar Sobiyet tana da majalisa da tuta da babban birni da reshen jam'iyya da manyanta (Rasha ce kawai ba ta samu nata reshen ba sai 1990), kuma sashe na 72 na tsarin mulkin 1977 ya ba ta haƙƙin ficewa, a takarda. Muddin jam'iyya ɗaya na riƙe da komai daga Mosko, wannan ado ne kawai. Da jam'iyyar ta yi rauni, sai ya zama kowace jamhuriya gwamnati ce a shirye.

A jera katunan: tarzomar Alma-Ata a Disambar 1986, da aka cire Kunaev ɗan Kazak daga shugabancin jam'iyya a Kazakistan aka kawo Kolbin ɗan Rasha, rikicin Nagorno-Karabakh tsakanin Armeniya da Azarbaijan daga 1988, mutum kusan miliyan 2 da suka riƙe hannun juna tsawon sama da kilomita 600 a Estoniya da Latbiya da Lituwaniya 23 ga Agustan 1989, cikar shekara 50 da yarjejeniyar Hitler da Stalin wadda ta kai ga mamaye su, shelar 'yancin Lituwaniya 11 ga Maris 1990.

Abubuwa biyu ɗalibai ba sa zato. Na farko, jamhuriyoyin Musulmi na tsakiyar Asiya ba su ne suka ja gaba ba. A ƙuri'ar raba-gardama ta 17 ga Maris 1991, kusan kashi 76 cikin 100 na masu zaɓe sun ce a ci gaba da tarayya, a tsakiyar Asiya kuwa abin ya haura kashi 90. Jamhuriyoyi shida ne suka ƙaurace. Kazakistan ce ta ƙarshen shelar 'yanci, 16 ga Disambar 1991. Na biyu, sara mai kisa daga Rasha kanta ya zo. Majalisarta ta ayyana ikon kanta 12 ga Yunin 1990, aka zaɓi Yeltsin shugabanta bayan shekara guda, kuma shi ne ya tsaya a gaban masu juyin mulkin 19 zuwa 21 ga Agustan 1991 har suka sha kaye. Yukren ta kaɗa ƙuri'a 1 ga Disamba, sama da kashi 90 suka zaɓi 'yanci. Ran 8 ga wata shugabannin Rasha da Yukren da Belarus suka sa hannu cewa tarayya ta ƙare, Gorbachev ya yi murabus ran 25.

Gwajin da ke tabbatar da batun iyaka shi ne Checheniya. Kishinta bai gaza na kowa ba, amma yanki ce a cikin Rasha, ba ɗaya daga cikin 15 ɗin ba. Yaƙi ta samu a 1994, ba kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ba.

Cekoslobakiya ta rabu 1 ga Janairun 1993 ba a fasa ko kofi ba, domin iyakar Cek da Slobak ba ta da gardama kuma shugabannin biyu sun daidaita. A Yugoslabiya al'ummomi a cakuɗe suke, musamman a Bosniya; Tito, shugaban da ya riƙe ƙasar a dunƙule, ya mutu tun 1980, jamhuriyoyi na da dakarun tsaron yankinsu, Milosevic, shugaban Sabiya, kuma ya gina mulkinsa a kan ƙorafin Sabiyawa game da Kosobo. Slobeniya da Kuroshiya suka ɓalle 25 ga Yunin 1991, yaƙin Bosniya ya ci 1992 zuwa 1995, a Srebrenica aka kashe maza da samari Musulmi kusan 8,000. A tunatar da aji cewa Yugoslabiya ba ta cikin Ƙawancen Waso, tun 1948 ta raba gari da Stalin, don haka kada a rubuta cewa janyewar Mosko ce ta sake ta.

Darasi na huɗu: waɗanda ba su faɗi ba, da tambayar da za ta zo

A ɗauko katin 4 ga Yunin 1989 a rataye masa abokin tagwaitaka: ranar da Polan ke zaɓe, sojan Sin ke murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen. Sin da Biyetnam da Kuba da Lawos da Koriya ta Arewa ba su faɗi ba. A bar ɗalibai su nemo dalili da launukan nan uku. Amsar da ake fata: a Sin da Biyetnam da Kuba jam'iyyar da kanta ta ci mulki, cikin gwagwarmayar da jama'a ke gani ta korar baƙo ce, saboda haka koren kati na hannunta, ba ta jin nauyin ɗaga jan kati, Sin da Biyetnam kuma sun buɗe kasuwa da wuri, ɗaya daga 1978, ɗaya daga 1986.

Afirka minti takwas. Maƙwabciyarmu Benin ta yi watsi da aƙidar Markisanci a Disambar 1989, ta yi babban taron ƙasa a Fabrairun 1990, shugabanta Kerekou ya faɗi zaɓe a 1991 ya miƙa mulki. Mengistu na Habasha ya gudu Zimbabuwe a Mayun 1991, Eritiriya ta zama ƙasa a 1993.

Daga nan wani zai ɗaga hannu ya ce, to Malam, Najeriya fa? Tambayar za ta zo ko an so ko ba a so, kuma a ajin Kaduna, inda Musa da Bitrus ke zaune a benci ɗaya, ba a barin ta ta zama ta ƙabila ko addini. Hana ta ma kuskure ne, a bayan aji za a ƙarasa ta ba tare da malami ba. A ware mata minti 10 daidai, a mayar da ita kan tsari. Tsarin mulkin Sobiyet ya ba da haƙƙin ficewa. Sashe na 2 na namu na 1999 ya ce ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Can jamhuriya kan ɗauki sunan al'umma guda. Mu tun da Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 a 1967 har aka kai 36, manyan ƙabilu a warwatse suke cikin jihohi da yawa. Sannan a nuna a taswira cewa rabuwa ba ta kashe gardamar iyaka ba: Rashawa kusan miliyan 25 suka wayi gari a wajen Rasha, kuma yaƙin Yukren na yau yana da jijiya a nan. Idan za a yi wasan kwaikwayo na shugabanni, da ƙuri'a ake rabon matsayi, ba da sunan ɗalibi ko unguwarsu ba.

Gwaji da maki

Tambaya ɗaya ta wadatar: "Wace rawa kishin ƙasa ya taka a rushewar gwamnatocin kwaminisanci daga 1989 zuwa 1991?" Cikin maki 20, a ba da 4 ga matsalar kuɗi da janye barazanar soja, 9 ga wurare iri uku, uku-uku, tare da misali da shekara, 4 ga waɗanda ba su faɗi ba, 3 ga tsarin rubutu. A rage maki ga wanda ya kira Tarayyar Sobiyet da sunan Rasha, domin wanda ya gwama su ba zai iya bayanin rigimar Yeltsin da Gorbachev ba; Rashawa kaɗan suka haura rabin jama'ar tarayyar a ƙidayar 1989. A rage kuma ga wanda ya sa Polan ko Hangari cikin jamhuriyoyi 15, ko ya haɗa 1989 da 1991 ya mai da su abu guda.

Aikin gida na mako biyu: kowane ɗalibi ya sami dattijo guda da ya bi labarin a rediyo, ko likita ko injiniyan da ya yi karatu a Sobiyet, ya yi masa tambaya biyar, ya rubuta shafi ɗaya. Dattijai kan riƙe abin da ya faru amma su sauya masa shekara, don haka a bar igiyoyin a rataye har a karɓi aikin, kowa ya gwada abin da aka gaya masa da abin da ke kan kati, ya rubuta inda suka saɓa. 'Yan jami'a kuwa a tura su Arewa House ko Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, su nemi jaridun New Nigerian na Nuwambar 1989 da Disambar 1991, su kawo kanun labarai uku da abin da sharhin jaridar ya ce.